Ranar da Sabis Ya Ɗauke: Yadda Ake Kafa Tashar Rediyo da Waya da Batir

A ƙarshen watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta juye ruwa a kan duwatsun yammacin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, irin ruwan nan da ke kwashe gada ya haɗa da kwalta. Birnin Asheville da ƙauyukan kewayensa suka wayi gari babu wuta, babu sabis, babu intanet, hanyoyi sun yanke. Mai waya ta dala dubu da mai 'yar Nokia mai tocila duk kanwar ja ce. Abin da ya ci gaba da magana shi ne wata na'ura da masu rediyon sha'awa suka girke a ƙolin Dutsen Mitchell, mai tsayin mita 2,037, wadda ke karɓar murya daga ƙasa ta sake cilla ta nesa. Kwana da kwanaki ta nan aka riƙa cigiyar 'yan'uwa, ana faɗin hanyar da ta buɗe da wadda ta rufe, ana neman magani ga marasa lafiyar da ruwa ya tsare.

Waɗannan mutane, da ake yi wa laƙabi da 'yan ham, ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Manoma ne da injiniyoyi da 'yan fansho da ɗalibai, waɗanda hukuma ta ba lasisin aika saƙo a wasu zanguna da aka keɓe musu, ba don neman kuɗi ba. Kowannensu yana da lambar kira, kuma farkon lambar shi ke nuna ƙasarsa: 5N Najeriya ce, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris tun 1925, kuma ƙungiyar Najeriya, NARS, tana cikinta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, ko da bai taɓa riƙe makirfo ba. Dattijon da ya shekara arba'in yana murɗa akwatinsa yana neman Landan ko Jamus a kan gajeren zango ya riga ya san rabin karatun: tashar da ke fitowa tangaram da asuba takan ɓace da hantsi, mita 16 ta fi kamawa da rana, mita 41 da 49 sun fi daɗi bayan magariba. Abin da ya rage masa shi ne sanin dalili, da kuma yadda zai mayar da martani.

Amma takarda ce farko. Sauraro ba ya buƙatar izinin kowa a mafi yawan ƙasashe, aikawa kuwa sai da lasisi, kuma galibi sai an ci jarrabawa. A yankin da tsaro ya taɓarɓare, inda oba-oba ta zama kayan aikin 'yan bindiga, duk wanda aka gani da waya a shimfiɗe tsakanin bishiyoyi da akwati mai ƙara, babu takarda a hannu, ya jawo wa kansa tambayar da ba zai ji daɗin amsawa ba. Mai hankali yakan ajiye kwafin lasisinsa a jakar rediyo, ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun kafin ya kafa sanda. Dokar duniya kuma ta hana ɓoye ma'anar saƙo a waɗannan zanguna, ta hana cinikayya. Duk abin da aka faɗa, kowa na ji.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya sayi oba-oba irin Baofeng UV-5R, ya karanta alƙawarin da ke jikin kwali, ya ɗauka ya gama. Wannan 'yar na'ura mai wat 5 tana aiki ne a zangon mita biyu da na santimita 70, kuma igiyoyin waɗannan zanguna kusan kamar gani suke tafiya: inda ido zai kai, nan suke kaiwa, da ɗan ƙari. Akwai lissafi mai sauƙi. A ɗauki tsayin eriya daga ƙasa a mita, a fitar da tushensa, a ninka da huɗu, abin da ya fito shi ne nisan kilomita zuwa inda ƙasa ta lanƙwasa. Mutum a tsaye yana da kamar kilomita biyar, mutum biyu a fili fetal kilomita goma. A cikin gari mai gine-gine, biyu ko uku ma an gode. In aka ɗora eriyar a kan hasumiyar tankin ruwa mai mita 16, nisan ya koma kilomita 16 daga ɓangare ɗaya, ba tare da an ƙara ko wat guda ba. Sirrin na'urar Dutsen Mitchell ke nan, tsayi. Irinta ana ce mata rifita, tana saurare a wani zango tana aikawa a wani, da tazarar kilohaz 600 a zangon mita biyu. Sai dai ita ma da wuta take aiki, kuma ranar da batirinta ya ƙare ko iska ta karya turkenta, duk masu dogaro da ita sun kurumce lokaci guda. Shi ya sa ake sa kowa ya haddace zangon kira kai tsaye, wanda a Afirka da Turai megahaz 145.500 ne.

Aikin gaske yana gajeren zango. A sama, daga kilomita 60 zuwa sama da 300, akwai shimfiɗun iska da hasken rana ke caja su. Ta ƙasa, wadda ake kira D, da rana take samuwa, kuma aikinta shanye igiyoyin ƙananan zanguna. Ta can sama, F, ita ce madubin da ke dawo da igiya ƙasa. Masu neman ƙasashen nesa sukan harba igiyarsu a kwance, ta doki madubin ta sauka bayan kilomita dubu biyu ko uku. Wannan abin sha'awa ne, amma a ranar bala'i yakan zama abin takaici: mutum ya ji ɗan Italiya raɗau, ya kasa jin babban birnin jiharsa da ke kilomita 150, domin igiyar ta tsallake ta kansa.

Maganin wannan shi ne dabarar da ake kira NVIS, wato harba igiya kusan a miƙe zuwa sama. Wanda ya taɓa haska tocila a silin ɗaki mai duhu ya ga misalinta: hasken ya doki sama ya bazu ko'ina, har bayan gado. Haka igiyar ke zubowa a kan da'irar da ta kai kilomita 400 ko 500 ta kowace fuska, babu ruwanta da dutse ko kwari. Nisa irin na Kano zuwa Katsina, ko Kano zuwa Damagaram, yana cikin tafin hannunta. Ba ta aiki sai a ƙananan zanguna, tsakanin megahaz 2 da 10, domin in aka wuce abin da madubin ke iya dawowa da shi, igiyar sai ta huda ta wuce sararin samaniya. Ƙa'idar da aka saba da ita: mita 40, wato megahaz 7, da rana; mita 80, megahaz 3.5, da dare. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya madubin ya fi ƙarfi da rana, saboda haka mita 40 takan daɗe tana aiki. Mita 80 kuwa da damina sai haƙuri, domin kowace walƙiya daga nan har gaɓar teku sai ta yi ƙara a cikin lasifika.

Abin daɗin shi ne eriyar da wannan aiki ke so ita ce mafi araha. Waya ce kawai mai reshe biyu. A raba 143 da zangon da ake so a megahaz, a samu tsawonta a mita. Ga 7.1, ya kama mita 20 da ɗan kai, goma ta dama goma ta hagu. Ga 3.7, mita 38 da rabi. Wayar wuta ta gida mai rufin roba ta isa. A tsakiya ana ɗaure rassan biyu a jikin guntun bututun roba na famfo, ɗaya a haɗa da zuciyar kebul ɗin da ke zuwa rediyo, ɗaya da rigarsa, ba tare da sun taɓa juna ba. Daf da mahaɗar a naɗe kebul ɗin zagaye takwas zuwa goma, ko a sa na'urar da ake kira balan in akwai, don kada igiya ta biyo bayan kebul ta dawo ɗaki. Sai a ɗaga tsakiyar a kan gora ko reshen darbejiya, mita biyar zuwa takwas, a ja bakunan biyu da igiyar nailan su ɗan sunkuyo. Ba a so ta yi tsayi da yawa, ƙasa-ƙasan nan shi ke tura igiyar sama. Inda ƙasa rairayi ce busasshiya, wasu sukan shimfiɗa wata wayar a ƙarƙashinta, wadda ta ɗara ta tsawo da kashi biyar cikin ɗari.

Daidaitawa ita ce inda ake gane gwani. Ana yanka wayar da rara, kamar rabin mita a kowane reshe, sannan a auna da mitar SWR ko 'yar na'urar NanoVNA. Abin da ake nema shi ne zangon da ma'aunin ya fi sauka. In ya sauka a 6.8 alhali 7.1 ake so, wayar ta yi tsawo. Sai a sauke ta, a rage santimita goma ko ashirin a kowane baki, daidai wa daida, a sake ɗagawa, a sake aunawa. Sau uku ko huɗu ana wannan hawa da sauka, gumi na zuba. Tsofaffin hannu ba sa yankewa, lanƙwasa bakin suke yi su murɗe shi a jikin wayar, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Da ma'auni ya sauka ƙasa da 2, an samu abin aiki. Bakunan wayar kuma a nisanta su daga hannun yara da ƙahon dabbobi, domin a can wuta ta fi taruwa lokacin aikawa, kuma kada a kusanci wayar NEPA ko da an shekara ba a kawo wuta ba.

Hadari in ya taso, a cire kebul daga rediyo a jefa bakinsa waje. Kashe makunni ba ya hana aradu.

Sai maganar wuta, inda mafi yawan tashoshi ke mutuwa a rana ta biyu. Rediyon gajeren zango mai wat 100, irin Icom IC-7300, yana cin kimanin amfiya ɗaya in yana saurare, da amfiya 20 ko 21 in yana aikawa da dukkan ƙarfinsa. A ce za a saurara awa goma a yini, amfiya-awa goma ke nan. A ce duk maganar da za a yi in an tara ta awa ɗaya ce. Murya tana hawa da sauka, saboda haka takan ci kamar rabi, wani goma ke nan. In kuwa saƙon kwamfuta ne, wanda ke riƙe ƙarfi babu hutu, sai a lissafa ashirin. Jimilla 20 zuwa 30 a yini, ban da kwamfuta da fitila. Batirin dalma mai lamba 100 ba ɗari yake bayarwa ba: in ana so ya yi ƙarko, rabi ake sha, hamsin, wato kwana biyu in rana ba ta fito ba. Zafi ma yana rage masa kwana, kuma da ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 12 rediyo ya fara shaƙewa, murya ta fita a murguɗe, tunda an ƙera shi ne don 13.8. Batirin lithiyam nau'in LiFePO4 ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 ko 90 nasa, ba ya sauka daga kusan bolt 13 sai daf da ƙarewa, kuma yaro ma ya ɗauke shi. Farantin sola mai wat 100 yana ba da amfiya biyar zuwa shida a tsakar rana, ya tara 25 zuwa 30 a yini mai haske. Ya biya bukata ƙyas-ƙyas, babu rara. Da hunturu, in ƙura ta lulluɓe shi, sai an bi shi da tsumma kowace safiya, kuma wanda ya samu hali ya sa biyu.

Ga wata gaskiya da masu son babban akwati ba sa son ji. In aka rage ƙarfi daga wat 100 zuwa 25, mai sauraro a can maki ɗaya tak zai ga ya ragu a ma'aunin ƙarfin sigina mai maki tara. Sau da yawa ba zai ma lura ba, batir kuwa ya samu sauƙi ƙwarai. Kuɗin da za a zuba a ƙarin wat, in aka zuba rubu'insa a kebul mai kyau da batir, an fi cin riba.

Fiyus kuma a sa shi daf da kan batir, ba can kusa da rediyo ba. Batir irin wannan in sifana ta faɗa a kan kawunansa biyu, yana iya narkar da ita.

Akwai wani maƙiyi da ke zaune a cikin gida. Inbata mai araha, da wasu na'urorin cajin sola, da ƙwan fitila na LED, da cajar waya, duk suna fitar da wani ƙugi da ke cika gajeren zango, har mutum ya ɗauka duniya ce ta yi shiru alhali kunnensa ne aka toshe. Gano ɓarawon ba wuya. A kashe komai na gidan, a bar rediyo a kan batir shi kaɗai, a duba inda allurar ƙara ta tsaya. Sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa allura ta yi tsalle, shi ne. Ko ƙaramin rediyon dattijo ya isa wannan farauta, a riƙa yawo da shi ɗaki-ɗaki. Magani mafi sauƙi shi ne a haɗa rediyo kai tsaye da batir, a kashe inbata a lokacin aiki.

In murya ta gaza, rubutu yakan wuce. A 2017 Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1993, da abokin aikinsa Steve Franke suka fito da tsarin FT8, wanda ke tsamo sigina daga ƙarƙashin ƙarar da kunnen mutum ba ya jin komai a cikinta. FT8 ba ya ɗaukar hira, amma a kansa Jordan Sherer ya gina JS8Call, wadda ke ba da damar rubuta saƙo, da ajiye shi a wata tasha har mai shi ya zo ya karɓa. Tafiyar hawainiya take yi, kalma goma sha wani abu a minti, amma da wat biyar takan ƙetare ƙasashe. Sharaɗinta agogon kwamfuta ya zama daidai, kuskuren kada ya wuce daƙiƙa biyu, kuma tunda babu intanet da zai saita shi, sai a tanadi 'yar na'urar GPS ta USB. Winlink kuwa imel ne ta rediyo: tashar da ke cikin bala'i ta kira wata da ke nesa inda intanet ke aiki, ta miƙa mata wasiƙa, ita kuma ta jefa ta cikin akwatin imel na kowa. Saƙo ba ya wuce kilobayit 120, saboda haka babu zancen bidiyo. Da wannan aka yi aiki a Puerto Rico a 2017, bayan guguwar Maria ta kashe kusan kashi 95 cikin ɗari na turakun wayar tsibirin, har ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta nemi a turo mata masu rediyo 50. Irin waɗannan tashoshin karɓa sun fi yawa a Turai da Amurka, don haka mai tasha a Afirka ta Yamma sai ya gwada tun da wuri ya ga wacce yake kamawa a mita 20, kuma da ƙarfe nawa.

Afirka tana da wani gata da Amurka ta Arewa ba ta da shi. A watan Nuwamba na 2018 aka harba tauraron ɗan'adam na Katar, Es'hail-2, ɗauke da na'urar 'yan ham da ake kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a sama, kimanin kilomita 36,000, kuma inuwarsa ta rufe Afirka gaba ɗaya, daga gabashin Barazil har Tailan. Ana aika masa a gigahaz 2.4, a saurare shi a kusan 10.5, da dish irin na kallon ƙwallo da 'yan wat kaɗan. Babu ruwansa da dare ko rana. Haɗa kayansa dai sai wanda hannunsa ya faɗa.

Duk wannan ƙarfe ne da waya. Abin da ke sa su amfani shi ne a samu wani a ɗaya bakin, yana saurare a zangon da aka yi alƙawari, a lokacin da aka yi alƙawari. Ranar 26 ga Disamba, 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, ta tarar da wata tawaga ƙarƙashin Bharathi Prasad a Port Blair, sun je ne don sha'awa kawai, su yi magana da ƙasashen duniya daga wurin da ba a cika jin sa ba. Eriyarsu na sama, hannunsu ya saba, dubban tashoshi kuma sun san inda za su same su. Nan take suka koma isar da saƙon agaji da na iyalai zuwa babban yankin Indiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa tasu a fafe take.

Saboda haka kowace ƙungiya, ko ta mutum uku ce, tana buƙatar tsari a rubuce, a liƙe a jikin rediyo. Lokutan haɗuwa, misali bakwai na safe, ɗaya na rana, bakwai na dare. Zango na farko, da na biyu in an yi minti biyar ba a ji kowa ba, da na uku. A rubuta ko agogon gida ake nufi ko na duniya, UTC, wanda Najeriya da Nijar suka riga shi da awa ɗaya. Wannan awa ɗaya ta sha raba mutane. IARU ta keɓe wuraren haɗuwa na gaggawa ga Afirka da Turai, a megahaz: 3.760 da 7.110 da 14.300 da 18.160 da 21.360. In an haɗu, mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da izinin magana, sauran su yi shiru har a kira su.

Saƙon kansa ma sai an koya. Mutum a firgice yakan danne makunni ya yi minti uku yana salati da bayanin yadda ruwa ya fara, batir na zuba, mai rubutu a can bai kama komai ba. Wanda ya horu sai ya rubuta tukuna: lambar saƙo, matsayinsa, daga ina, ƙarfe nawa, zuwa ga wa, da adadin kalmomi. Sannan ya karanta a hankali, daidai saurin alƙalami: "Mutum 40 a makarantar firamare. Babu ruwan sha. Mace ɗaya tana naƙuda. Gada ta karye. A zo ta hanyar gabas." Kalma ashirin. Mai karɓa ya ƙirga nasa, in ya samu sha tara ya san wata ta faɗi a hanya, ya nemi a maimaita. Sunan gari ko na magani ana faɗinsa harafi-harafi da kalmomin da duniya ta amince da su, Alfa, Bravo, Charlie, don kada a rikita B da D. Abin da mutum bai gani da idonsa ba kuma ya ce ji ya yi, ya faɗi daga wa.

A Amurka da Kanada, tun 1933 ake yin wani atisaye da ake kira Field Day, wanda yanzu ke faɗowa a ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni. Dubban ƙungiyoyi sukan kwashi kayansu su fita fili, su kafa tasha a kan batir da sola da janareta, su yi awa 24 suna aiki. Ƙaramar ƙungiya tana iya yin nata sau ɗaya a wata uku: a kashe wutar gida, a ajiye wayoyi a aljihun tebur, a ɗauki jaka a tafi gona. A nan ake gane cewa mahaɗin kebul ɗin nan guda ɗaya yana gida a kan taga, igiyar nailan ta gaza da mita uku, kwamfuta tana neman sabunta manhaja babu intanet, batirin da aka ce a cike yake rabonsa da caji tun kaka. Kowanne a rubuta shi a littafin tasha, da kwanan wata, da sunan wanda zai gyara shi kafin fita ta gaba.